Sharhi: Gine-ginen da iyayenmu suka bar mana, wa zai kare su daga ruwa da guduma?

Sharhinmu na yau a kan gini yake, kuma za mu faro shi da abubuwa uku da suka faru a ƙasar nan cikin shekarar 2024, waɗanda aka ba da labarinsu daban-daban amma zare ɗaya ne ya ɗinke su.

Na farko, ranar 3 ga watan Satumba, ruwan sama mai ƙarfi ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Na biyu, a watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti domin a sauƙaƙa wa waɗanda ambaliya ta rusa wa gidaje, a damanar da ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya. Na uku, a cikin watan nan dai na Oktoba, aka canja sunayen wasu wurare a Yamai: titin da ke ɗauke da sunan Janar de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, cibiyar al'adun da ake kira Jean Rouch ta koma Moustapha Alassane.

Faɗuwar masallacin Birni ta nuna mana cewa muna jin zafin rasa tsohon gini. Canjin sunaye ya nuna muna son tarihinmu ya zama namu. Sauƙin siminti kuwa yana nufin za a yi gini da yawa, kuma inda ake gini da yawa ana rushe-rushe da yawa. To tambayarmu ita ce: a cikin wannan hada-hada, wa ke kula da gine-ginen da ba su kai shekara ɗari ba, waɗanda aka yi su daga wajejen samun ƴancin kai a 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980?

Shekarun da gini ke mutuwa

Da masallacin Birni ya faɗi, ƙasa duka ta yi jimami, don ya haura shekara 170. Amma idan aka rushe tsohuwar lakwal ɗin garinku da aka gina zamanin Diori Hamani, ko gidan samariya na zamanin Seyni Kountché, ko masallacin Juma'ar da kakanninku suka tayar da hannunsu a shekarun 1970, ba wanda zai yi kuka a rediyo. Hasali ma walima za a yi, a ce an samu ci gaba.

Irin waɗannan gine-gine a tsaka-tsaki suke. Ba su tsufa har a kira su tarihi ba, sun kuma wuce shekarun da ake alfahari da su a matsayin sabo. Daga shekara 30 zuwa 60, nan ne gini ya fi shiga haɗari: fenti ya koɗe, rufi ya fara yoyo, waɗanda suka gina shi sun tsufa ko sun rasu, matasa kuma ba su san labarinsa ba. Masallacin Birni shi ma ya taɓa zama ɗan shekara 40. Da mutanen wancan lokaci sun ce ya tsufa a kawar da shi, da ba mu sami abin da za mu yi wa kuka ba.

Wannan tunani ba sabo ba ne a duniya. Birnin Brasiliya, hedikwatar ƙasar Brazil, an buɗe shi a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴanci, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya a 1987, yana da shekara 27 kacal. A nan Afirka an sa Rabat ta Maroko a 2012 tare da sabon garinta na ƙarni na 20, aka sa Asmara ta Eritiriya a 2017 saboda gine-ginenta na zamani, waɗanda akasarinsu na shekarun 1930 ne. Mu a Nijar wurare uku muke da su a wannan jeri: yankin Ayar da Tenere, gandun dajin W, sai tsohon garin Agadas da aka sa a 2013. A cikin ukun, Agadas kaɗai ce aikin hannun magina.

Abin da muke da shi

Kada wani ya ce ai mu ba mu da ginin zamani da ya isa a adana. Mu fara da Yamai. Akwai gidan adana kayan tarihi na ƙasa, Boubou Hama, da aka buɗe a 1959. Akwai gadar Kennedy ta 1970, wadda ta haɗa gaɓar kogi biyu, kuma ta kanta ɗaliban jami'a suke tsallakawa. Bayan an fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, farashinsa ya tashi a ƙarshen shekarun 1970, kuɗi suka shigo, aka tayar da manyan benaye na ma'aikatu, da otal Gaweye, da babban zauren taro na Palais des Congrès. Filin wasa na Seyni Kountché ya biyo baya a 1989. Ko mutum yana son waɗannan gine-gine ko ba ya so, su ne shaidar abin da ƙasar nan ta yi da arzikin ƙasarta a wancan lokaci, da kuma inda burinta ya kai kafin farashin ya faɗi.

Akwai ginin hukumar binciken hasken rana, ONERSOL, wadda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya shugabanta. An kammala shi a farkon shekarun 1980, an kuma zana shi yadda zai yi wa kansa inuwa, iska tana ratsa shi. Akwai Babbar Kasuwa, Habu Bene, wadda wuta ta cinye a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987, da manyan ƙofofinta da kowane baƙon Yamai ya sani.

Maraɗi kuwa, garin da muke gani yau shi kansa ɗan zamani ne. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon gari na cikin kwari, aka hau tudu aka yanka sabbin unguwanni masu tituna a miƙe. Kantuna da ɗakunan ajiya na zamanin cinikin gyaɗa, su ne suka ba da labarin yadda Alhazan Maraɗi suka taso. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, daga nan filayen kokowa suka zama abin da ake gane kowace hedikwatar jaha da shi. Ga gidajen matasa da al'adu, ga tsofaffin gidajen silima da akasarinsu sun rufe, ga ɗakunan likita na farko da aka haifi da yawa daga cikinmu a ciki.

Sannan akwai wani kuskure da ya kamata mu gyara: ɗauka cewa ginin zamani sai na siminti da ƙarfe. A Yama, cikin yankin Ilela a jahar Tawa, mutanen gari sun nemi wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya gina musu masallacin Juma'a a 1962. Da ƙasa ya gina shi, jama'a suna kawo ruwa da tubali da itace. A 1975 ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa a tsakiya, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowacce da siffarta, aka gama a 1982. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini a duniya. Wannan gini sa'an otal Gaweye ne a shekarun kammalawa, ya kuma fito daga kan mutumin ƙauye da ya ɗauki ilmin kakanni ya ƙara masa nasa. In wannan ba ginin zamani ba ne, to mene ne?

Ba dare ɗaya gini ke faɗuwa ba

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ginin ƙasa kowa ya san dokar: a yi yaɓe kafin damina, a share indararo, a hana ruwa kwanciya a gindin bango. Da can aikin gayya ne, mai gari ya sa rana, samari su kwaɓa ƙasa, mata su ɗebo ruwa. Yanzu lokacin yaɓen ya faɗo daidai lokacin da samarin suke wajen bida. Kuɗi suna zuwa gida, hannuwa ba sa zuwa. Wasu kuma, da nufin alheri, sai su lulluɓe bangon ƙasa da siminti. Ƙasa tana numfashi, siminti ba ya yi. Laima takan maƙale a tsakani, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali daga waje yana sheƙi, har ranar da zai zube gaba ɗaya.

Shi ma ginin siminti ba ya dawwama yadda muke zato. Idan rufin dakali ya tsage ko bututun ruwansa ya toshe, ruwa yakan sauka har ya taɓa rodin da ke ciki. Ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin da ke rufe da shi, ruwa ya ƙara samun hanya. Abin da buhun siminti biyu da magini ɗaya za su gyara a shekarar farko, bayan shekara goma sai an nemi miliyoyi. Ga kuma wayoyin wuta da ake ta jonawa barkatai. Babbar Kasuwar Yamai ta sake shan gobara a 2009, Ƙaramar Kasuwa, Habu Ganda, ta ƙone a 2012, filinta kuma ya shafe shekaru a killace.

Matsalar ita ce mun iya gini, ba mu iya riƙo ba. Ku tuna bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi: Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An yi tituna da gine-gine, jama'a sun amfana, ba mu musa ba. Amma aza harsashi da yanke ƙyalle suna da kiɗa da hoto, share magudanar rufi kuwa ba mai ɗaukarsa a talabijin. Shi ya sa kuɗin gyara ne ake fara yankewa idan kasafi ya yi ƙaranci.

Masu cewa a rushe suna da hujja

Ba za mu yi kamar ba mu ji ɗaya ɓangaren ba. Mutumin da ɗakin ƙasa ya faɗa wa iyalinsa a damina, ba za ka zo masa da zancen gado ba. Abin da yake so shi ne rufin da zai kwana a ƙarƙashinsa ba fargaba. Rai ya fi kowane gini. Ginin da ya zama tarkon mutuwa, in ba ya gyaruwa, a fitar da mutane a sauke shi.

Wani zai ce ƙasar da yara ke karatu a rumfunan zana ina ta ga kuɗin lallashin tsofaffin benaye? Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da gobara ta tashi a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilu, sannan a Maraɗi a watan Nuwamba, kowanne wuri yara aƙalla 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Amma wannan hujjar tana iya juyawa. Ku duba garuruwanku: sau nawa za ku ga aji na bulo wanda iska ta yaye wa kwano, an bar shi awaki na kwana a ciki, a gefensa kuma an kafa rumfar zana? Gyara wannan aji adana tarihi ne, ceton rai ne kuma, kuma ya fi gina sabo araha.

Akwai masu cewa gine-ginen zamanin Faransa tunin wulaƙanci ne. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu da aikin tilas aka yi su, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Amma kawunan wa suka ɗauki duwatsun? Na kakanninmu ne. In aka rushe ginin, an shafe shaidar zaluncin tare da shaidar guminsu. Mutanen Asmara sun sha mulkin mallakar Italiya, suka kuma riƙe garin, domin hannun iyayensu ne ya gina shi. A canja suna, a kafa allo a rubuta gaskiyar yadda aka gina wurin, yara su karanta.

Sai batun zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a garuruwanmu. Yawancin gine-ginen da muke magana a kansu an yi su ne da kauri, da baranda, da rufi mai tsawo, da bulo mai ƙofofin iska, don an san wutar lantarki ba ta wadata ba. Da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, alhali a lokacin daga can mafi yawan wutarmu ke zuwa, kowa ya ga bambanci tsakanin ɗakin da aka gina don ya sha iska da akwatin gilashi da kwano wanda ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Da tsohuwar zuma ake magani: waɗannan gine-gine makaranta ce ga maginan gobe.

Darasin Dandaji

Tsakanin a bar gini ya ruɓe da a rushe shi akwai hanya ta uku, kuma ba a Turai aka gwada ta ba, a Dandaji ne cikin jahar Tawa. Garin yana da masallacin Juma'a na ƙasa, irin salon na Yama, ya yi wa jama'a kaɗan, ya kuma lalace. Niyya ta farko ita ce a rushe shi a gina sabo a wurin. Sai masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara, wadda asalin mahaifinta ɗan garin ne, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci babba a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu.

Haka aka yi. Aka nemo maginan da suka san aikin farko suka shiga gyaran. Sabon masallacin, mai ɗaukar mutum wajen 1,000, an gina shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, ƙasar kuma daga kusa da garin aka haƙo ta. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, aikin kuma ya ci lambar yabo ta duniya. Masallata sun sami fili, ƴan lakwal da mata masu yaƙi da jahilci sun sami wurin karatu, kuɗin aiki ya shiga aljihun ƴan gari, tsohon gini kuma yana tsaye.

Abin lura a nan, ba wata hukuma ce ta zo daga Yamai da takarda ta hana rushewa ba. Shawara ce aka yi a cikin gari tsakanin dattawa da ƴaƴansu da suka yi karatu ko suka yi arziki a waje. A mafi yawan ƙauyukanmu ma haka abin yake: makomar tsohon masallaci ko tsohuwar lakwal tana hannun kwamitin gari da ƙungiyar ƴan asalin garin da ke tara kuɗi ta WhatsApp.

Abin da ya rage mana

Doka dai muna da ita. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997 ta tanadi kare kayan gadon al'adu na ƙasa da yi musu rajista. Tun 2006 kuma Nijar ta miƙa wa UNESCO sunayen wuraren da take fatan a karɓa nan gaba, ciki har da unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, da masallatan ƙasa na jahar Tawa. Amma kasancewar Birni a wannan jeri bai hana masallacinta faɗuwa ba. Takarda ba ta toshe yoyo.

Ga ma'aikatar da ke kula da al'adu da hukumomin komin, roƙonmu shi ne kowace komin ta zauna da sarakuna da limamai da malaman lakwal da magina, a rubuta gine-gine biyar ko goma da gari ba ya son rasawa, har da na bayan 1960. A ɗauki hotonsu, a auna su, a rubuta wanda ya gina da shekarar da aka gina. Kafin a ba da izinin rushe ginin jama'a ko sayar da filinsa, a sanar a rediyo, a saurari mutane. A kuma ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, don gyaran rufi duk shekara kafin ruwa ya sauka.

Ga ƴan uwanmu na waje, Allah ya saka muku da alheri, ba ƙaramin gini guminku ya tayar a ƙasar nan ba. Amma idan aka kira ku aka ce a tara kuɗi za a rushe tsohon masallaci a yi na siminti, kafin ku aiko ku yi tambaya uku. Shin an kira maginin da ya san aikin ƙasa ya duba ko yana gyaruwa? Shin babu fili a gefe da za a gina sabon? In an gina sabon, tsohon ba zai yi makarantar allo ko ɗakin karatu ko wurin taron gari ba? In kuma kuna tara na gini, ku tara na yaɓe: kuɗin da zai biya samari goma aikin mako ɗaya kowace bazara yana iya riƙe ginin da kakanku ya sa hannu a ciki.

Ga dattawan magina da ke raye, waɗanda suka iya ɗaura bakan gizo da rufa tulluwa, da waɗanda suka yi leburanci a manyan gine-ginen Yamai, lokaci ya yi da za a zauna da su a naɗi maganarsu, a kuma haɗa su da yara masu koyo. In suka tafi da abin da ke kansu, ko an samu kuɗin gyara ba za a samu mai gyarawa ba.

Mu a nan gidan rediyo ƙofarmu a buɗe take. Ku faɗa mana wane gini ne a garinku ko unguwarku aka yi shi a idon iyayenku, wa ya gina shi, wane hali yake ciki yau. Za mu karanta sunayensu a shirye-shiryenmu, gari bayan gari, don masu iko su ji, ƴan garin da ke nesa su ma su ji. Kafin nan, duk wanda ke kusa da irin wannan gini ya ɗaga kai ya dubi rufinsa da indararonsa tun hadari bai haɗo ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ambaliya.